Zanen Karce Da Namun Dajinmu

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in yi wa 'yan'uwana ɗalibai magana a kan wata sana'a wadda na ga ya kamata kowane mai shirin zama malami ya iya ta, watau zanen karce.

Ga yadda ake yinsa. Akan shafe allo da farar ƙasa, in ta bushe a rufe ta da baƙar tawada. Sa'an nan mai zane ya ɗauki tsinin wuƙa ya riƙa karce baƙin, fari yana fitowa, har siffar dabba ta bayyana. A Ingila da Faransa aka fara shi cikin ƙarni na 19, don hotunan littattafai da jaridu.

Amma kada wani ya ce baƙon abu ne. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira ashirin, ta shiga gidan ginin tukwane na Abuja, watau Suleja ta yanzu, a 1954. Da tsinke take karce jikin tukunya ta fitar da ƙadangare da kunama da kifi da kada. Masu sassaƙar ƙwarya ma ai hanyar ke nan.

To, mene ne amfaninsa ga malami? Shi karce ba ya son gaggawa, gama abin da wuƙa ta cire mayar da shi sai da wahala. Yaron da zai zana gwanki tilas ya duba yadda ƙahonsa ya lanƙwasa baya, da inda fari ya ratsa baƙin fuskarsa. Wanda kuwa ya yi kwana uku yana ƙirga ɗige-ɗigen zabon daji, ina tsammani da wuya ya cinna wa jeji wuta saboda gafiya guda.

Mu mutanen Kontagora mun fi kowa bukatar wannan. Dajin Zugurma yana kusa da mu, shi da na Borgu su ne Gandun Dajin Kainji, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma duka wajen 400 ne kurum, a Nijeriya kuwa sai Kainji da Yankari. Farauta da saran itace don gawayi suna cin dajin, ga kuma rashin tsaro da ya hana kai yara su gani da idonsu. In ba mu kai dajin cikin aji ba, wa zai kai shi?

Wani zai ce ba kuɗin kayan aiki. Haba! Farar ƙasa da ƙaro da baƙin tukunya da basilla, ina wahalarsu? Wani kuma zuciyarsa ba ta kwanta da zana mai rai ba. Wannan ban ga laifinsa ba. Ga ganyen kaɗanya da ɗorawa, ga sawun ɓauna, ga gashin tsuntsu, duk darasi ne.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na zane su ba mu sa'a guda a mako, kowane ɗalibi kuma ya tafi koyarwar gwaji da allonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa jikokinmu su ji rurin zaki da kunnensu, amin.