Sama ta Allah ce? To hanyar mota fa, ta wa ce?

Akwai wata magana da ta ishe ni, yau kuma sai na amayar da ita. Duk sa'ad da ka ce wa mai dron, "Abokina, kana da izni kuwa?" sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Sama ta Allah ce." To, mun ji. Ƙasa ma ai ta Allah ce, amma ban taɓa ganin wanda ya hau kabu-kabu ya kutsa barikin soja da wannan hujja ba.

Bara, bayan ƙaramar Salla, aka yi bikin ɗiyar gwaggona. Unguwarsu tana ƙarƙashin hanyar da jirage ke bi in za su sauka. Mai ɗaukar bidiyon sa'ana ne, tare muka yi lise, kuma bashi ya ci, sama da jika ɗari huɗu, ya sayi ɗan jirgin nan maras matuƙi. Daidai lokacin da mata suka fara guɗa ya tada shi. Yara na ihu, tsofaffi na ɗaga kai. Bai cika minti goma a sama ba mota ta tsaya bakin rumfa. Ba sai na faɗi ko su wane ne ba. Suka tafi da shi, da dron ɗin, da hotunan bikin duka. Kwana biyu kawunsa yana sintiri kafin a sako shi. Dron bai dawo ba, bashi kuwa yana nan daram.

Ba kamun ne ya fi ƙona mini rai ba. A fadarmu, da dare, yaron nan ya zama gwarzo. Kowa na cewa an zalunce shi. Na ce ba a zalunce shi ba, shi ne ma ya zalunce mu. Wallahi saura kaɗan a hana ni shayi na biyu. Tunda a fada ba a barin mutum ya kai aya, ga sauran maganar a takarda.

Mu fara da lissafi, tunda mu ɗalibai ne. Jirgin da zai sauka yana gangarowa ne a hankali, a kan kusurwa kamar digiri 3. Wato duk kilomita guda da ta rage mishi ya kai fili, tsayinsa daga ƙasa kamar mita 50 ne. Saura kilomita biyu, mita 100 da ƴan kai. Wannan tsayin kuwa ɗan dron ɗinka yana kai shi kafin ka gama kurɓar shayi. Kai kana ganin filin jirgi ya yi maka nisa tunda ba ka hango shi daga ƙofar gida, alhali kana tsakiyar hanya. Jirgin na tafe da gudun da ya kai kilomita 250 a sa'a. Matuƙin ba zai gan ka ba, in ma ya gani ya makara.

"Ɗan abin nan mi zai yi wa ƙaton jirgi?" Haka wani ya tambaye ni. A watan Janairun 2009, a birnin Niyok na Amurka, garken dinya ne ya kashe injuna biyu na jirgin fasinja, sai kan kogin Hudson matuƙin ya sauke shi. Tsuntsu nama ne da gashi. Dron kuwa ƙarfe ne da batiri mai kama wuta. A Disamban 2018, labarin ganin dron kawai ya sa aka rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, jirage wajen dubu suka rasa tashi ko sauka, matafiya kusan 140,000 suka yi cirko-cirko. Ba a bugi jirgi ko ɗaya ba. Tsoron kaɗai ya isa.

Wannan a Ingila ke nan. Mu fa, ina muke zaune? A Yamai, sansanin sojan sama na 101 manne yake da filin jirgin Diori Hamani. A Agadas akwai na 201, inda Amurkawa suka riƙa tada manyan jiragensu marasa matuƙa har suka tattara a 2024. Jihar Diffa tana cikin dokar ta-ɓaci tun 2015, wasu yankunan Tawa da Tillaberi tun 2017. A Mali da Burkina ƴan bindiga suna amfani da irin dron ɗin nan na kanti, su leƙa sansani, su jefa abin fashewa. Yanzu dan Allah ka sa kanka a takalmin sojan da ke gadi. Ya ji ƙugi, ya ɗaga kai, ya ga abu na shawagi. An rubuta "biki" a cikinsa ne? Yana da daƙiƙa nawa da zai yanke shawara? Ƙasar da ta rufe samanta gaba ɗaya daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumban 2023, ta hana manyan kamfanonin duniya wucewa, ita ce za ta ji kunyar ɗan lise? Kuma ba abin yau ba ne: tun yarjejeniyar Shikago ta 1944 ƙasashe suka rubuta cewa jirgi maras matuƙi ba ya bi ta saman wata ƙasa sai da izni na musamman.

Wasu sun ce, "Ai na'urar ba ta hana ni tashi ba." Kayya. Taswirar da ke cikin wayarka ta kamfani ce, ba ta hukuma ba. DJI kansa, a farkon 2025, ya daina kulle jiragensa a wuraren da aka hana a Amurka, ya koma gargaɗi kawai. Ka tafi gaban alƙali ka ce waya ce ta yarda maka, mu ji.

Tashin dron na gaskiya a kan tebur yake farawa, da biro da takarda, makonni kafin ranar. Taswirar sama tana da wurare iri uku da ake yi wa alama: mai harafin P an haramta shi ƙwata-ƙwata, mai R ana shiga bisa sharaɗi, mai D akwai haɗari, misali filin harbi. Ban da waɗannan akwai sanarwar wucin gadi da matuƙa ke kira NOTAM, domin wurin da ke buɗe jiya yana iya rufewa yau saboda babban baƙo ko atisaye. Mai dokar sufurin sama a ƙasar nan ANAC ce, masu lura da zirga-zirgar jirage kuma ASECNA. Ka rubuta wasiƙa: wane ne kai, wane irin dron, lambarsa, wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, daidai ina, tsayi nawa, don mi. In an amsa, kada ka tsaya nan. Ka kai kwafi wajen jami'an tsaron wurin, ka gaida mai unguwa. Takardar da ke aljihunka ba ta hana harbi in mai bindiga bai san da ita ba.

Sannan ka taka wurin da ƙafarka. Ina wayoyin lantarki, ina eriyar kamfanin waya, ina za ka sauke shi in batiri ya ci amanarka? Yawancin ƙananan dron ba a yi su don zafin da ya wuce digiri 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu wannan ai wasa ne. Lokacin hunturu ƙura kan ɓoye shi tun bai yi nisa ba, abin da idonka bai gani kuwa ba kai ke tuƙa shi ba. Ƙasashe da dama sun tsaida iyaka a mita 120, kusa da filin jirgi kuma ko wannan babu. Kada ka bi da shi ta kan taro. Ranar hawan Salla a Damagaram, dawaki cike da fili, abu ya faɗo gaban doki guda, ka san sauran labarin.

Ga kuma abin da ba ya cikin kowace taswira. Gidajenmu a buɗe suke ta sama. Tsakar gida, wurin wanka, mata ba lulluɓi. Kakanninmu sun gina katanga da zaure ne don mai tafiya a ƙasa. Mutumin da ba zai iya leƙa katangar maƙwabcinsa ba, yaya aka yi ya halatta wa kansa leƙa gida arba'in a tashi ɗaya? Ko da hukuma ta sa maka hatimi goma, wannan iznin ba nata ba ne.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: neman izni wahala ne, takardun da Faransanci suke, yaron Tasawa ko Madawa ba shi da kuɗin motar zuwa Yamai. Na yarda. Tunda a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, ina iyakar wahalar fitar da shafi guda da Hausa da Zabarmanci, ga inda aka hana, ga inda za ka kai takarda a jiharka, a karanta a rediyo? Ya kamata mu nema, da ƙungiya, da sa hannu. Muna da bakin nema kuwa. A Yamai makarantar EAMAC take, wadda ke horar da masu kula da sama na ƙasashen Afirka da dama. Da dron ana auna gona, ana gano inda ambaliya za ta bi kafin damina. Amma da wace fuska za mu shiga ofis mu nemi sauƙi, in kowane mako sai an kama ɗayanmu yana shawagi bisa bariki? Ranar da ɗaya ya yi ɓarna ta gaske, ba sunansa za a hana ba. Dukanmu za a rufe wa sama, har mai aikin gona da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Makon jiya mutumin nawa ya zo ɗakina, yana ta sosa ƙeya. An ba shi aikin ɗaukar kokowa a wani ƙauye, zai ari dron wajen wani. "Kai da ka iya dogon Faransanci, rubuta mini takardar nan mana." Muka rubuta, muka kai. Har ranar kokowar amsa ba ta fito ba. Ya bar dron ɗin wajen mai shi, ya ɗaure wayarsa a kan doguwar gora, ya hau rufin mota. Na ga bidiyon. Yana ɗan rawa, amma kayen ƙarshe ya fito sarai.