Gandun W: abin da Nijar ke rasawa idan baƙi suka daina kwana a bakin Tapoa

Shekarun baya, wanda ya baro Yamai da safe zai yi tafiyar kilomita kimanin 150 zuwa kudu, ya kwana a otel ɗin Tapoa da ke ƙofar gandun dajin W. Da rani, lokacin da tafkuna suka ƙafe, giwaye da ɓauna kan gangaro bakin ruwa, mai jirgi kuma ya zaga da baƙi cikin kogin Isa su ga dorina da kada. Yau matsalar tsaro ta kusan rufe wannan hanya.

An kafa gandun a 1954, sunansa kuma ya samo asali daga lanƙwasar da kogin ya yi mai kama da harafin W. Ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar a 1987, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, sannan a 2017 aka haɗe shi da Arly na Burkina Faso da Pendjari na Benin. A wannan yanki ne mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma suke.

Abubuwa sun lalace a jere. A Mayun 2019 an sace Faransawa biyu a Pendjari, aka kashe ɗan jagoransu. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, wurin kallon raƙuman dawa: Faransawa shida da ƴan Nijar biyu. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka hallaka mutane tara a ɓangaren Benin na gandun W. Kure ba ta cikin gandun, amma harin ya isa ya sa baƙi suka janye ƙafa daga yankin baki ɗaya.

Wasu na ganin wannan asarar Turawa ce masu kuɗin shaƙatawa. Kuskure ne. Kowane ɗakin da aka kama yana ciyar da ɗan jagora, direba, mai jirgi, mai dafa abinci da matar da ke kawo kaji. Ƙari a kan haka, zirga-zirgar baƙi da jami'an gandun daji ita kanta gadi ce. Dajin da ido ya bari, ƴan bindiga da mafarauta ne ke gadonsa.

Akwai kuma batun haƙurin talaka. Dorina na cinye shinkafa tana kife jirage. A 2017 mazauna yankin Ayorou sun kashe dorina da dama saboda ɓarnar da take musu. Manomin da ba ya ganin ko dala daga zuwan baƙi, da wace hujja za a ce ya ƙyale dabbar da ta cinye gonarsa?

Saboda haka maido da tsaro shi ne matakin farko, amma bai isa ba. Tsohon tsari ya jingina da baƙon waje, wanda gargaɗi guda daga ofishin jakadanci ke hana shi zuwa. Idan hanya ta buɗe, sai an sa farashin da ɗalibin Maradi ko ɗan ci-ranin da ya zo hutu zai iya biya, a kuma fayyace rabon ƙauyukan kewaye cikin kuɗin shiga. Matasa nawa ne a Damagaram ko Tahoua suka san dorinar ƙasarsu a waya kawai?