Jiran Tiyatar Kwatangwalo Ba Kwanciya Ba Ce

A nan Bande, wanda likita ya ce za a sauya masa gaɓar kwatangwalo, dattijo ko matashi mai sikila, yakan kwanta watanni a tabarma, ya kira hakan tawakkali. Kuskure ne. Tsokar cinyar da aka bari ba aiki ramewa take, alhali ita za ta riƙe sabuwar gaɓar. Ku kai shi wurin likitocin gashin ƙashi a Damagaram tun kafin tiyata, su koya masa motsa ƙafa da dogara sanda. Salla kuwa, in tsayuwa ta gagara ya yi ta a zaune, hadisin Imrana ɗan Husaini ya yi masa rangwame. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.