SHARHI: Gyaran noƙaƙƙiyar haɓa: Twin Block ko Herbst, wanne ya dace da yaron Kankia da Kusada?

Idan muƙamuƙin ƙasa na yaro ya gaza girma daidai da na sama, haɓarsa kan noƙe ciki, haƙoran sama su turo gaba. Lamarin ya wuce batun kyan fuska, domin irin waɗannan haƙora su ne kan fara karyewa idan yaro ya faɗi.

Na'urori biyu ne suka fi shahara wajen gyaran. Twin Block, wadda likita William Clark na Sikotilan ya ƙirƙiro a 1977, faranti biyu ne na roba, sama da ƙasa, waɗanda ke tura muƙamuƙin gaba duk lokacin da yaro ya rufe baki. Ana sa ta, ana cirewa. Herbst kuwa, wadda Emil Herbst na Jamus ya gabatar a 1909, sandunan ƙarfe ne da ake kafewa a turamen haƙora, yaro ba shi da ikon cire su.

Wani gwaji da aka wallafa a 2003 kan yara 215 a Birtaniya ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na masu Twin Block ba su kammala jinya ba, yayin da a ɓangaren Herbst adadin bai wuce kashi 13 cikin 100 ba. Sai dai Herbst ta fi yawan lalacewa, ta fi sa a koma wurin likita.

A nan ne lissafin mutumin Kusada ya bambanta da na Bature. Wannan aiki ne na ƙwararrun daidaita haƙora, waɗanda sai a manyan cibiyoyi irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ake neman su. Kankia dai tana kan babban titin Kano zuwa Katsina, amma mai fitowa daga ƙauyukan Kusada sai ya fara neman motar da za ta fito da shi titi. Duk sandar da ta karye na nufin kuɗin mota da asarar yinin gona. Saboda haka Twin Block ta fi dacewa da gidan da ke nesa, muddin akwai babban da zai tsare yaron ya riƙa sa ta dare da rana. In babu, kuɗin ya tafi a banza.

Dukkansu biyu suna aiki ne a lokacin da yaro ke tsakiyar tsawon balaga, wanda kan zo wa 'yan mata da wuri fiye da maza. Idan ƙashi ya gama girma kuma noƙewar ta yi tsanani, sai tiyata.

Akwai kuma noƙewar da ba ruwanta da waɗannan na'urori: wadda ke biyo bayan faɗuwa a kan haɓa ko ciwon kunnen da aka bari ya ruɓe, har gaɓar muƙamuƙi ta manne. Yaron da bakinsa ba ya buɗuwa sosai, likitan tiyatar fuska ya kamata ya fara gani.