Kafin A Sa Ɗan'uwa A Motar Arewa

Akwai wata al'ada da ta daɗe a tsakanin 'yan Arewa mazauna Kudu, wadda lokaci ya yi da za a sake duba ta. Da zarar an ga hankalin wani ɗan'uwa ya fara juyawa, sai abokan zamansa su yi karo-karo, a nemi motar goro ko ta shanu mai komawa gida, a danƙa shi a hannun direba, a ce nauyi ya sauka. Ana yin haka a Agege da Idi-Araba, ana yi a Sabon Badun da Shagamu, har Anacha da Fatakwal. Niyyar mai kyau ce, babu shakka. Amma sau da yawa ciwon da ake gudu da shi ƙauye yana da magani, kuma asibitin da ke da maganin yana nan kusa da inda aka baro.

Ciwo iri biyu ne ya kamata kowane mazaunin zango ya san alamunsu. Na farko shi ne ciwon damuwa mai tsanani. Kowa yana baƙin ciki, balle baƙon da ya bar iyali nesa, amma baƙin cikin yau da kullum yakan yaye in ciniki ya yi kyau ko an ji labarin alheri daga gida. Wannan kuwa ba ya yayewa. Ma'aunin likitoci shi ne mako 2 ko fiye, mutum yana cikin ƙunci kusan kullum, ko kuma abin da ke faranta masa rai a da ya fita daga kansa. Sai a ga ya daina zuwa hira wurin mai shayi, abinci ya gagare shi, yana ramewa. Yakan farka tun kafin asalatu, barci ya ƙi komawa. Ɗan kasuwar da ba ya kuskuren lissafi sai canji ya riƙa rikice masa, ya dinga cewa shi ba shi da amfani, ya zama wa mutane kaya.

Da yawa ba sa ambaton baƙin ciki ko kaɗan. Kukansu shi ne zafin kai, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba, ko jin kamar wani abu yana yawo a jiki. Sai a yi ta zarya kemis, a sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot sau uku sau huɗu, babu sauƙi. Ciwon ya fi kama mata, kuma lalle a sa ido a kan mai jego da ta haihu nesa da uwarta da danginta.

Na biyu shi ne wanda likitoci ke kira baifola, wato ciwo mai fuska biyu. Fuska ɗaya ita ce damuwar da aka bayyana. Ɗayar kuwa tashin zumuɗi ne da kan ɗauki mako guda ko fiye. Mutum ya yi barcin awa 2 ko 3 kawai, amma ya tashi garau babu gajiya. Magana ta yi ta zuba ba a iya katse shi, yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan. Ya kwashi jarinsa ko na ubangidansa ya yi ta rabo, ya ci bashi, ya ce gobe zai sayi tireloli goma, wanda ya ja masa kunne kuma ya zama abokin gaba. Jama'a sai su ce buɗi ya samu, ko ya fara shaye-shaye. Bayan an lafa yakan koma daidai har watanni ko shekaru, shi ya sa ake cewa iskar ta sake shi, alhali ciwon yana nan kwance. Yakan bi dangi, kuma ya fi farawa a ƙuruciya, wato daidai shekarun da samari ke fitowa ci-rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 280 ke da ciwon damuwa, miliyan 40 kuma ke da baifola.

To, a nan ne amfanin abokin ɗaki yake. Mai baifola ba ya ganin lokacin zumuɗinsa a matsayin ciwo, sai ya faɗi ƙasa yake neman likita. In likita bai ji labarin wancan lokaci ba, yana iya ba shi maganin damuwa kaɗai, wanda kan tayar da zumuɗin ga mai irin wannan ciwo. Shi ya sa dole wanda ya ga komai da idonsa ya raka shi, ya faɗi gaskiya, har da batun wiwi ko ƙwaya in akwai. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A kuma sani maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi sai da iznin likita.

Alamar da ba ta jiran gobe ita ce maganar mutuwa. Wanda ya fara cewa gara ya huta, ko yana raba kayansa yana neman gafara babu dalili, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera, a kai shi asibiti a ranar.

Asibitocin kuwa suna nan. Akwai na Yaba a Ikko, wanda asalinsa tun 1907 ne, da na Aro a Abekuta, da na Uselu a Binin, da na Inugu da Kalaba. A Aro ne Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyawa, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa karɓar magani. Darasin a fili yake: mara lafiya ya fi samun sauƙi in nasa suna kusa. A 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu wannan lalura.

In komawa gida ta zama dole, to a fara ganin likita, a karɓi takarda, a haɗa shi da ɗan rakiya har asibitin Kaduna ko Kware ko Maiduguri. Sa mari da duka ba su taɓa warkar da kowa ba, addu'a kuma ba ta hana shan magani. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su ne ya kamata su ja gaba, kuɗin da ake haɗawa na mota a fara haɗa shi na asibiti. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.