Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Wasiƙar Akawu Daga Gawon Nama

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, gama yau ina da magana da masu gini, da kuma ma'aikatan da ke duba takardun gini kafin a ba da izini.

Ga abin da ya jawo maganar. A watan Agusta na daminar da ta wuce, wani mutum ya tasam ma gina gida a layinmu, nan Gawon Nama. Tifa ta kawo masa yashi sawu 3, aka jibge a bakin kwata, ƙasar da aka haƙo daga ramin tushe kuma aka tara ta nan kusa. Ran nan da dare hadari ya taso daga gabas, aka kwana ana ruwa. Kafin asuba yashi ya cika kwata maƙil, ruwa ya rasa hanya, ya juya ya faɗa gidan wata tsohuwa da ke gangare. Katangarta ta ƙasa ta jiƙe ta zube, ɗan geron da ta ajiye ya lalace. Allah dai ya kiyaye, ba a yi hasarar rai ba.

Da gari ya waye muka tafi wurin mai ginin tare da mai unguwa. Mutum ne mai kunya, bai yi gardama ba, sai ya ɗauko zanen da mai zane ya yi masa, ya ce shi abin da ke cikin takarda ya bi. Na karɓa na duba sarai, da yake duban takarda shi ne sana'ata. Ga ɗakuna, ga ƙofofi da tagogi, ga wurin salga. Amma ko layi ɗaya babu da ya nuna inda ruwa zai bi, balle inda za a aje yashi muddin ana aiki. Takardar ta nuna gida ran da aka gama shi, ɓarnar kuwa tun gini bai kai linta ba aka yi ta.

To, jama'a, ku zo mu yi lissafi. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai wajen murabba'in mita 450. In an rufe shi da kwano da daɓen siminti, ƙasa ba ta shan kome. Ruwan dare ɗaya mai milimita 40 zai zubo lita 18,000 daga wannan fuloti kaɗai, watau duro 90. Ruwan Sakkwato kaɗan ne in an lissafa na shekara, amma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, da ƙarfi kuwa yake zuwa, ga ƙasarmu rairayi ce mai saurin tashi. Yashin da ya kwasa, a kwata da kwalbati yake saukewa, saura ya shimfiɗa bisa kwalta, har a kan hanyar da marasa lafiya ke bi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Kowa ya tuna ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda gulbin Rima ya cika ya yanke gadar hanyar mazaunin jami'a na dindindin. Kowa kuma ya san wahalar da mutanen Mabera suka sha da ruwa, har aka kai ga aikin babbar magudana da taimakon Bankin Duniya. Magudana kuwa kome girmanta, in kowane mai gini zai riƙa aika mata da yashi, ranar toshewarta tana tafe.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar tsara birane ta 1992 ta hana yin gini sai da izini, a nan kuwa Hukumar Tsara Birane ta Jihar Sakkwato ke ba da shi. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idoji a kan zaizayar ƙasa da ambaliya, da wasu a kan aikin gine-gine. Akwai kuma dokar auna illar aiki ga muhalli, ita ma ta 1992, amma manyan ayyuka ta fi nufa, kamar rukunin gidaje da ya kai hekta 50. Gidan mutum ɗaya ba ya kusa da wannan, alhali gidajen ɗai-ɗai su ne ke cika unguwa. A Amurka, tun 2003 duk wanda zai tone ƙasar da ta kai eka 1 don gini, sai ya tsara yadda zai tsare laka kada ta bar filinsa.

Saboda haka ga roƙona ga hukuma, cikin ladabi. A mai da shafi ɗaya tak sharaɗin izini ga kowane fuloti, babba ko ƙarami, ya amsa tambaya huɗu. Na fari, ina ne tudu, ina ne gangare, ta ina ruwan indararo da na tsakar gida zai fita? Na biyu, ina za a aje yashi da tsakuwa da ƙasar tushe? Lalle ya zama cikin fuloti, a kewaye su da bulo ko buhunan ƙasa. Na uku, ina za a haƙa ɗan ramin da ruwa zai tsaya laka ta kwanta kafin ya shiga kwata? Na huɗu, wa zai yashe kwatar ƙofar gida in an gama aiki? Sa'an nan ma'aikaci ya taka ya je ya gani da idonsa, ran da aka fara haƙa, da kuma kafin faɗuwar damina. A ba mai unguwa kwafe, gama shi ya san inda ruwa ke bi tun ba a yanka fulotan ba, shi kuma ake tayarwa da dare in katanga ta faɗi. Dattawanmu sun ce a zamanin En'e duba-gari ba ya zama ofis, gida gida yake bi.

Na sani wani zai ce, "Kai akawu, takardun da ake nema yanzu ba su isa ba sai ka ƙaro wata? Ai jinkiri ke nan da ƙarin kuɗi." Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, don haka na ce shafi ɗaya, cikin Hausa, ba da ƙarin ko kwabo ba, a kuma duba shi rana ɗaya da sauran zanen. Maƙwabcinmu ya sayi yashi sau biyu, ya kuma tayar wa tsohuwa katanga da bulo. Da an tambaye shi tun farko, da buhu 20 na ƙasa sun ishe shi.

Ku kuma 'yan'uwana masu niyyar gini, kada ku jira hukuma. Ran da aka yi ruwa, ku je fulotinku ku tsaya ku ga inda yake bi, kana ku kira mai zane. Malamanmu sun sha gaya mana girman haƙƙin maƙwabci, tura masa ruwa kuwa yana cikin cutarwa. Ina so in ji ra'ayin maginanmu da injiniyoyi a wannan shafi, in na yi kuskure su gyara mini.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Akawu, Gawon Nama, Sakkwato.