Tufafin jan ƙarfe na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba sa maye gurbin sabulu

Tun zamanin annobar korona ake jin labarin takunkumi, safa da zannuwan gado waɗanda aka ce an haɗa zarensu da jan ƙarfe don kashe ƙwayoyin cuta. Wasu iyaye na cewa zaƙin bakin ƴan kasuwa ne kawai, wasu kuma na ganin an samu maganin komai. Ni da nake koyarwa a makarantar horar da malamai, ina ganin duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma mu malamai ne ya kamata mu warware zancen.

Gaskiya ne jan ƙarfe na kashe bakteriya. Ana cusa ƙananan ɓurɓushinsa cikin zare tun wajen sarrafawa, ko a shafa shi a kan yadin bayan saƙa. Idan gumi ko danshi ya taɓa yadin, sai ƙarfen ya riƙa sakin wasu ƴan mitsi-mitsin sassansa masu ɗauke da cajin lantarki. Su ne ke huda fatar da ta lulluɓe ƙwayar cutar, su shiga cikinta su lalata sinadaran da take rayuwa da su, har su farfasa ƙwayar halittarta ta gado, wato DNA. Da yake farmakin ta fuskoki da dama yake zuwa, da wuya ƙwayar ta tsira.

A shekarar 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince cewa kayan jan ƙarfe, irin su mariƙin ƙofa, na kashe fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na wasu bakteriya cikin awa 2. A 2010 kuma, lokacin da ƴan haƙar ma'adinai 33 suka maƙale a ƙarƙashin ƙasa a Chile har kwana 69, cikin kayan da aka aika musu akwai safa mai zaren jan ƙarfe, saboda ƙaiƙayin ƙafa da zafi da danshin ramin suka jawo.

Sai dai a lura: awa 2 aka ce, kuma a kan tsurar ƙarfe, ba yadi ba. Ita kanta hukumar ta ja kunne cewa wannan ƙari ne a kan tsabtar da aka saba. Yaron da ya fito daga bayan gida ya sa hannu a kwanon tuwo, rigarsa ba za ta hana shi zawo ba, ko da me aka saƙa ta. Datti da maiƙo na rufe ƙarfen su rage aikinsa, wanda aka shafa a sama kuma wanki na iya rage shi. Ga shi mai saye a kasuwar Maraɗi ko Damagaram ba ya iya tantance na gaske da ido.

Don haka shawarata ga iyaye, idan kuɗi ya yi kaɗan, a fara da sabulu da ruwa mai tsabta. Ga ƴan uwana malamai kuwa, mu kai wannan batu aji. Ƙasarmu ta san jan ƙarfe tun da daɗewa, don Ibn Battuta ya ga ana haƙarsa a Takedda, yankin Agadas, a 1353. Mu haɗa wannan tarihi da darasin kimiyya, mu koya wa yara su riƙa tambayar mai talla: wace ƙwayar cuta yake kashewa, cikin wane lokaci, kuma wa ya gwada?